Mastar lissafi ta tsaya min a wuya, in haƙura in koma shagon yayana?

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 29, ina koyar da lissafi a wata sakandire ta kuɗi, kuma ina yin masta a lissafi a wata jami'a nan arewa. Mun gama kwasakwasai, sai sufabaizana ya ba ni tofik a kan lissafin gyaran kuskure, wato wanda ke sa saƙo ya isa daidai ko da ya lalace a hanya, ya ce in yi a kan sayiklik kod, wani nau'in tsarin gyaran kuskuren, a Z4, wato lissafi da lambobi 0 zuwa 3 kaɗai. Wallahi Malam wata huɗu ke nan ina fama da fefa uku da ya ba ni, ko shafi na biyu ban shiga ba, aljabrar da muka yi a digirin farko haddacewa kawai muka yi muka ci jarrabawa. Shi kuma ganinsa aiki ne, ko ya yi tafiya ko yana mitin, in na dace da shi sai ya ce je ka ƙara karatu. Yayana ne ke biya min kuɗin makaranta, yana da shagon waya a Farm Centre, yanzu ya fara tambaya wai wannan karatun wane aiki ake samu da shi, in zo mu riƙe shago tare. Ga yarinyar da zan aura an kai kuɗi tun bara, iyayenta sun fara magana. Abokaina kuma cewa suke in koma AI ko tsaron intanet, can kuɗi yake. Na fara jin kamar ni ne ba ni da kai. In canza tofik, in ajiye mastar, ko in ci gaba?

Wani ɗalibi daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanina. Sannu da ƙoƙari, koyarwa da safe, karatu da dare, ga yaya ga surukai kowa na jiran amsa, ba ƙaramin abu ba ne. Amma maganar ba ka da kai ɗin nan mu fara ajiye ta gefe, domin abin da ka kwatanta ba alamar rashin kai ba ce. Fefar bincike ana rubuta ta ne don mutanen da suka riga suka san fannin, marubucin zai tsallake abin da a aji sai an yi sati uku ana koyar da shi ya ce wai a bayyane yake. Duk wanda aka miƙa wa irin wannan fefar alhali bai zauna da aljabra ya fahimce ta ba, a shafin farko zai tsaya, ko waye shi. Kai da kanka ka faɗi inda ciwon yake, haddace aljabra kuka yi. To wannan yana da magani, kuma maganin bai kai tsawon wata huɗun da ka riga ka ɓata ba.

Shawarata a dunƙule ita ce kada ka yanke hukuncin komai yanzu, domin har yau ba ka ɗanɗana fannin ba balle ka san ko yana maka ko ba ya maka. Fefa uku kawai ka ɗanɗana. Ka ba kanka sati shida ka shiga ta ƙofar da ta dace, sannan ka yanke.

Bari in nuna maka ƙofar, ka ga ko da gaske ta fi ƙarfinka. In kana karanta wa mutum lambar akawu a waya ga hayaniyar kasuwa, me kake yi, maimaitawa kake sau biyu ko uku. To ka riga ka yi gyaran kuskure, sai dai irin mai tsada, don ka ninka tsawon maganar. Duk fannin nan tambaya ɗaya yake bi, yaya za a ƙara ɗan abu kaɗan a kan saƙo amma ya isa a gano inda ya lalace har a gyara ba tare da an sake tambayar mai aikowa ba. Claude Shannon ne a 1948 ya tabbatar da cewa hakan mai yiwuwa ne, kowace hanyar sadarwa tana da iyakar gudu, in ba ka wuce iyakar ba za a iya rage kuskure har ya kusa zama babu, amma bai faɗi yadda za a gina abin ba. Richard Hamming, wanda suke aiki tare a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, shi haushi ne ya kai shi, yakan bar wa kwamfuta aiki ranar Juma'a ya dawo Litinin ya tarar ta ga kuskure ɗaya ta watsar da aikin, ya ce in har na'ura za ta iya gane akwai kuskure me zai hana ta gano inda yake ta gyara. A 1950 ya fitar da tsarinsa, bit huɗu na saƙo, kowane bit 0 ne ko 1, ka ƙara uku su zama bakwai, duk ɗayan da ya juye a cikin bakwai ɗin za a kamo shi.

Yanzu ɗauki biro. Saƙonka lambobi biyu ne, 2 da 3. Maimakon ka aika su haka, sai ka mai da su layi, y = 2x + 3, irin wanda kake zana wa 'yan SS1 a allo. Ka lissafa y a x = 0, 1, 2, 3, ka samu 3, 5, 7, 9, su za ka aika. A hanya ɗaya ta lalace, mai karɓa ya ga 3, 5, 8, 9. Da ya ɗora su a giraf zai ga ɗigo uku sun hau layi ɗaya, na ukun ya kauce, ba wanda ya gaya masa inda kuskuren yake amma ya gano, ya mai da 8 ta koma 7, ya ciro 2 da 3 ɗinsa. Wannan da ka yi yanzu shi ne zuciyar Reed-Solomon, wanda Irving Reed da Gustave Solomon suka fitar a 1960, shi ne a faifan CD da DVD, shi ne a QR kod, kuma da irinsa mai bayit 255, wanda 223 saƙo ne 32 kuma ƙari, ake gyara bayit 16 da suka lalace a saƙon kumbunan sama jannati. Bambancin kawai su folinomiya mai tsawo suke amfani da ita maimakon layi.

To ina aljabra ta shigo? Kwamfuta ba ta da wurin ajiye lambobi masu girma ba iyaka, bayit ɗaya daga 0 zuwa 255 ya tsaya, don haka ana buƙatar lissafi a cikin ƙidayayyun lambobi inda tarawa da ɗebewa da sau da rabawa duk suke aiki ba ka fita waje ba. Gwada da lambobi bakwai, 0 zuwa 6, duk abin da ya kai 7 ka raba da 7 ka ɗauki saura. 3 sau 5 sha biyar ne, saura 1, ke nan raba abu da 3 daidai yake da ninka shi da 5, rabawa ta yiwu. Wannan shi ne filin Galois, sunan wani yaron Faransa da ya mutu a 1832 yana ɗan shekara 20, kai har ka girme shi da tara. Yanzu gwada da lambobi huɗu, 0 zuwa 3. 2 sau 2 huɗu, saura 0. Ka ga abin da ya faru, lambar da ba sifili ba ta ninka kanta ta ba da sifili, ba za ka taɓa iya raba abu da 2 ba a nan. Wannan shi ne Z4 ɗinka, kuma shi ya sa fefofin suke maka duhu, an kai ka inda dokokin suka karye alhali ba ka zauna inda suke aiki ba tukuna. Tofik ɗin kansa ba na banza ba ne, tun 1994 da wasu masana biyar suka nuna cewa wasu shahararrun kod da ake ganin ba su da tsari mai sauƙi ashe in aka dube su ta Z4 sai su miƙe, mutane suka yi ca a kansa, amma ba daga nan ake farawa ba.

Ga yadda nake so sati shidan su tafi. Ka rufe fefofin nan uku ka sa a durowa. Sati biyu na farko liniya aljabra kawai a kan 0 da 1, inda 1 da 1 ke ba da 0, matiris mai haifar da kod da matiris mai duba shi, ka gina Hamming na bakwai da hannunka a takarda, ka juya bit ɗaya da gangan ka kamo shi, ka yi ta yi har ya gundure ka. Sati biyu na tsakiya filin Galois, ka gina mai lambobi 8 da mai 16 da biro, ka rubuta teburin sau ɗinsu gaba ɗaya, wannan ne wurin da yawancin ɗalibai ke gudu kuma wurin ne abin ke buɗewa. Sati biyun ƙarshe sayiklik kod a kan 0 da 1, yadda ake farfasa x⁷ − 1 da yadda kowane ɓangare ke ba ka kod. Awa ɗaya da rabi bayan asuba kafin ka tafi makaranta ta fi awa huɗu na dare da kai a gajiye. Lakcoci kyauta suna nan a NPTEL na Indiya da MIT OpenCourseWare, ka sauke su lokacin da data ke araha ka kalla a hankali kana tsayarwa kana rubutu. Ka sa SageMath a laftof, kyauta ce, ta san filin Galois ta san kod, duk abin da ka yi da hannu ka sa ta ta duba maka. In laftof ɗin ba ta da ƙarfi ana iya amfani da ita ta burauza. Sannan ka nemi mutum ɗaya a ajinku ko wanda ke gabanku ku riƙa zama ko sau ɗaya a sati, kai malami ne ka san abin da ka koya wa wani ba ya fita.

Bayan sati shida ka buɗe durowa ka ɗauko fefa mafi sauƙi. In ka ga shafin farko ya fara magana da kai, ko da rabi ne, to ci gaba. In kuwa ka yi aikin tsakani da Allah amma har yanzu kirjinka na ƙunci duk lokacin da ka ga folinomiya, to ka samu amsa ta gaskiya, kuma canji a lokacin ba gudu ba ne.

Sai malaminka. Ba zan wanke shi ba, miƙa wa ɗalibi fefa uku a ce je ka karanta ba tare da an duba tushensa ba sakaci ne. Amma ka duba nasa ɓangaren, malaman jami'o'inmu ɗaya na iya riƙe ɗaliban digirin farko da na masta da na dokta a lokaci guda ga lakca ga kwamiti, ga cunkoson da yajin aikin wata takwas na 2022 ya bari. Kuma ka tambayi kanka me kake ce masa in ka shiga. In "Sir ban gane ba" ce kawai, to ba shi da abin kamawa, dole ya ce je ka ƙara karatu. Ka shiga da takarda shafi ɗaya, ga abin da na yi, ga misalin da na lissafa, ga layin da na tsaya a shafi kaza, me ya sa wannan ya zama haka. Tambaya irin wannan ko a bakin mota zai amsa ta. Ka faɗa masa gaskiya cikin ladabi cewa aljabrarka na da rauni kana gyarawa, ka roƙe shi minti ashirin duk sati biyu a ranar da shi ya zaɓa, ka riƙa tura masa takardar kwana biyu kafin ranar. Kuma ka tambaye shi kai tsaye me yake so ya gani a tesis ɗin kafin ya sa hannu. Sau da yawa a masta abin da ake nema shi ne ka fahimci sakamakon da ke akwai, ka sake fitar da shi, ka gwada shi a tsawon da ba a lissafa ba, ka kwatanta abin da ka samu da teburin mafi kyawun kod da Markus Grassl ke kula da shi a intanet. Wataƙila kana ta tsoron dutsen da ba a ce ka hau ba. In ka yi duk wannan wata biyu bai canza ba, sai ka je wurin kodinetan fostgirajuwet ka nemi a ƙara maka sufabaiza na biyu, da sunan neman ƙarin taimako, kada ka kai ƙara, a dipatmen magana ba ta ɓuya kuma shi zai zauna a difens ɗinka.

Tambayar yayanka kuwa tambaya ce mai kyau, kada ka ji haushinta, kuɗinsa ne kuma guminsa ne. Gaskiyar magana a Najeriya da wuya ka ga an buga neman ma'aikaci an ce ana son masanin gyaran kuskure. Injiniyoyin MTN da Airtel suna aiki da na'urorin da aka riga aka dasa wa kod ɗin a ciki, masu ƙirƙirar kod ɗin suna kamfanoni irin su Qualcomm da Huawei da Ericsson da Nokia da kamfanonin da ke ƙera ma'adanar kwamfuta, kuma galibi masu dokta suke ɗauka. Don haka kada ka yi masa alƙawarin da ba za ka cika ba. Abin da mastar za ta iya buɗe maka na kusa shi ne koyarwa a jami'a ko foli ko kwalejin ilimi, na nesa kuma dokta a waje. Akwai AIMS, cibiyar lissafi ta Afirka da aka kafa a 2003 a Afirka ta Kudu, tana da rassa a Ghana da Senegal da Kamaru da Ruwanda, suna ɗaukar nauyin ɗalibi gaba ɗaya, akwai kuma difilomar cibiyar kimiyya ta ICTP a Trieste ta Italiya da aka yi don shirya ɗaliban ƙasashe irin namu su shiga dokta. In ka samu koyarwa a makarantar gaba da sakandire ta gwamnati, TETFund na ɗaukar nauyin ƙaro karatun malamai.

Abokanka masu cewa tsaron intanet ba su san kana bakin ƙofarsa ba. Tun 1978 Robert McEliece ya gina tsarin ɓoye saƙo a kan irin waɗannan kod, kuma a Maris 2025 hukumar tsara ƙa'idojin fasaha ta Amurka, NIST, ta zaɓi wani tsarin ɓoye saƙo mai suna HQC, wanda shi ma a kan kod aka gina shi, cikin tsarukan da za su kare bayanai in kwamfutar kwantum, sabuwar irin kwamfutar da ake tsoron za ta iya fasa wasu tsarukan ɓoye saƙo na yanzu, ta ƙarfafa. Ita kanta kwamfutar kwantum babbar matsalarta gyaran kuskure ce. Kuma fannin nan yana da wani hali, abin da aka raina yau gobe shi ake nema. Robert Gallager ya fitar da wani kod na gyaran kuskure mai suna LDPC a tesis ɗinsa na dokta a MIT a 1960, aka watsar da shi kusan shekara talatin don na'urorin lokacin ba za su iya ɗauka ba, yau shi ke ɗauke da data a 5G da Wi-Fi. Erdal Arıkan, malami a jami'ar Bilkent ta Ankara, ya wallafa wani sabon nau'in da ake kira fola kod a 2009, zuwa 2016 an saka shi a ƙa'idar 5G. Ban ce kai ma haka za ta faru da kai ba, cewa nake duk wayar da yayanka ke sayarwa wannan lissafin na cikinta. Gani ya kori ji, ka je shagon ka samu QR kod a jikin kwalin waya, ka rufe ɗan wani yanki na tsakiyarsa da ƙaramar takarda, ban da manyan murabba'an nan uku na kusurwa, ka ce ya yi sikanin. In yankin bai yi yawa ba zai buɗe, mafi ƙarfinsu na jure lalacewar kusan kashi 30 cikin ɗari. Ka ce masa yaya wannan nake karantawa. Lambar ƙarshe ta akawunsa na banki mai lamba goma ma ta duba kuskure ce, haka ta ƙarshen IMEI da yake dubawa kullum.

Amma abin da zai fi kwantar masa da hankali ba wannan wasan ba ne, rana ce. Mai biyan kuɗi abin da ke damunsa shi ne abin da ba a san ƙarshensa ba. Ka zauna da shi ka ce ka ba ni sati shida in gaya maka matsayata, in zan ci gaba ga watan da nake sa ran gamawa ga kuɗin da ya rage. Ka ba shi Asabar ɗinka a shago, ka riƙe masa lissafin kaya, ya ga ba gudun kasuwa kake ba. Wataƙila ma kiran da yake maka ba don raina karatun ba ne, hannu yake nema wanda zai amince da shi.

Yarinyar nan kuma ita ce ba ka ce komai a kan ra'ayinta ba, ka tambaye ta kuwa? Ita ake yi wa tambaya a gida kullum. An kai kuɗi tun bara, iyayenta na da hakkin su ji magana tsayayya, kuma ni ban ga dalilin ɗaura aure a ƙafar tesis ba, tesis a jami'o'inmu ba ta da alƙawari, jiran ekstanal, malamin wata jami'a da zai duba tesis ɗin, kaɗai na iya cinye wata da watanni. Kana da albashi ko yaya yake, ka duba abin da zai iya riƙewa, ka tura manya su je su tsayar da lokaci gwargwadon hali, ita kuma ka gaya mata yadda watannin farko za su kasance, asuba karatu Asabar shago, ta shigo da saninta.

In sati shidan suka nuna maka tsantsar aljabra ba taka ba ce, ba sai ka bar fannin ba. Ka roƙi a karkatar da tofik ɗin zuwa gwaji da kwamfuta, ka rubuta LDPC ko fola kod da Python, ka zuba musu hayaniya ka auna yawan kuskuren da ke tsira, wannan ya fi jingina da furobabiliti da rubuta furogiram, kuma Python ɗin da ka koya zai bi ka ko AI ɗin ka koma daga baya. Canza tofik a dipatmen ɗaya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan sake sabuwar masta a wani fanni, inda kuɗin yayanka na shekara guda zai tafi a banza. In kuma kuɗi ne ko auren suka matse, ka nemi dakatar da karatu na zango ɗaya a rubuce ta hannun dipatmen, kada ka ɓace kawai, masu ɓacewa su ne ke dawowa su tarar lokacin rajistarsu ya ƙare. Ajiyewa gaba ɗaya ma ba haramun ba ce, kasuwa sana'a ce mai albarka, amma ka gama kwasakwasai, rabin tafiya ke nan, ni dai ba zan so ka ajiye kafin ka yi gwajin nan ba.

Yau da dare ka sake yin misalin layin nan da wasu lambobi naka, ka aika ɗigo shida maimakon huɗu, ka ga kuskure nawa za ka iya gyarawa, sannan ka tambayi kanka me ya sa. Ka rubuto min abin da ka samu. Allah ya buɗa maka, ya sanya albarka a auren.